Hoton Nukiliya na Zuciya: Gani Ya Kori Ji, Amma Bayan Ganin Fa?

Mu ɗauka ga wani magidanci a Sabon Garin Jega, ɗan shekara hamsin da 'yan kai, dillalin albasa da ke kai-komo tsakanin Aliero da kasuwar Jega. Wata uku ke nan, duk sanda ya ɗaga ƙafa don ya riski jam'i, ko ya kama aka ɗora buhu a mota, sai ya ji kamar an aza masa dutsen niƙa a ƙirji, nauyin ya gangaro hannun hagu. In ya zauna minti biyar, sai abin ya lafa. Mai kemis ya ce ulsa ce. Abokin ciniki ya ce ƙwannafi ne. Gwaggonsa ta ce a nemi tsari, kada ya zama jifa. Daga ƙarshe ya dangana da likitan zuciya, aka yi masa awon ECG, takarda ta fito babu abin tashin hankali. Sai likita ya ce masa: "Alhaji, akwai wani hoto da ake kira hoton nukiliya. Shi zai nuna mana ko jini na isa kowane sashe na zuciyarka. Amma fa sai an yi doguwar tafiya."

Daga wannan magana tambaya biyu ke fitowa. Ta farko ta Alhaji ce: ya je ko kada ya je? Ta biyu ta jama'a ce: ya kamata hukuma ta zuba kuɗi ta kawo wannan na'ura kusa da mutanen Kebbi, ko akwai abin da ya fi ta gaggawa? Masana sun rabu biyu, kuma kowane ɓangare na riƙe da hujjar da ba a ture ta da baki.

Yadda hoton yake

Manomin rani a Aliero ba ya buƙatar dogon bayani. Zuciya tsoka ce da ke aiki ba dare ba rana, ita ma tana buƙatar nata rabon jinin. Manyan jijiyoyi uku ke shayar da ita, kamar yadda hanyoyin ruwa ke shayar da fangalan albasa. In kitse ya taru a bangon ɗayansu, hanya ta tsuke. Da sanyin safiya duk fangalai a jiƙe suke, ba ka gane wanda hanyarsa ta cushe. Sai rana ta take za ka ga wani ya yi yaushi. Haka zuciya take. In mutum na zaune, ɗan jinin da ke ratsawa ya wadatar, shi ya sa awon mai hutawa kan fito lafiya lau. Sai ya motsa, zuciya ta nemi ƙari, sannan sashen da aka tauye ya yi kuka.

Ana ɗura wa mutum wani sinadari ɗan kaɗan ta jijiyar hannu, mai suna teknishiyam-99m, haɗe da wani magani da naman zuciya ke zuƙa gwargwadon jinin da ya iso shi. Sinadarin na fitar da haske wanda ido ba ya gani. Wata na'ura da ake kira kyamarar gama ta zagaya ƙirji tana tattara hasken, kwamfuta ta haɗa hoton zuciya yanka-yanka. Sau biyu ake yi: ɗaya ana hutawa, ɗaya bayan an wahalar da zuciya da tafiya a kan na'urar gudu, ko da allurar da ke buɗe jijiyoyi ga wanda ba ya iya tafiya. Tun jajibirin ranar ake hana mutum shayi da kofi da goro, domin abin da ke cikinsu na kashe ƙarfin allurar. Sashen da ya haska a hotunan biyu lafiyarsa ƙalau. Wanda ya dushe a lokacin wahala ya dawo a lokacin hutu, yana raye amma ƙishi na damunsa. Wanda ya dushe a duka biyun, galibi tabo ne na tsohon bugun zuciya.

Ba sabon abu ba ne. Hal Anger ya ƙera kyamarar a Amurka a ƙarshen shekarun 1950, aka shiga ɗaukar hoton zuciya da sinadarin taliyam a shekarun 1970, sannan daga 1990 magungunan teknishiyam suka yaɗu. A Nijeriya, an buɗe cibiyar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan a 2006 da taimakon Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya, kuma ita da ta Asibitin Ƙasa na Abuja su ne cibiyoyin gwamnati da aka daɗe da sani da wannan aiki. Ga mutumin Jega, wannan na nufin ya bi ta Yawuri da Kwantagora, daga nan ko ya karkata Minna ya shiga Abuja, ko ya miƙe Jebba da Ilori har Ibadan.

Hujjar masu cewa a kawo

Abu na farko da suke faɗa shi ne ciwon ya riga ya shigo gida. An yi shekaru ana ɗaukar toshewar jijiyar zuciya a matsayin ciwon Turawa, wanda likita zai gama aikinsa a Arewa bai ga goma ba. Yau rayuwa ta sauya. Tafiyar da kakanninmu ke yi da ƙafa daga ƙauye zuwa kasuwa, babur ya ɗauke ta. Lemon kwalba, shayi mai kaurin suga, taba, ƙiba, ciwon suga da hawan jini duk sun samu gindin zama. Daga 2013 zuwa 2018, likitoci a asibitocin Nijeriya sun tattara bayanan mutum 1,072 da aka kwantar da bugun zuciya ko abin da ya kusance shi, kuma Farfesa Simeon Isezuo na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, Sakkwato, shi ya jagoranci aikin. Waɗannan su ne suka kai asibiti. Wanda ya yanke jiki ya faɗi a rumfarsa, aka ce mutuwar fuju'a ce, aka yi masa sutura kafin la'asar, bai shiga lissafin kowa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 wannan ciwo shi ne kan gaba wajen kisa a duniya, da kashi 16 cikin ɗari na dukan mace-mace.

Na biyu, awon da muke da shi na kuskure da yawa. ECG na lokacin motsa jiki kan gano kusan biyu cikin uku na masu ciwon, hoton nukiliya kuwa kan gano takwas zuwa tara cikin goma. Tazarar ta fi tsanani ga mutum biyu da muke da su birjik: mai ciwon suga, wanda jijiyarsa kan toshe ba tare da ya ji zafi ba, da mace, wadda nata ciwon kan zo da kasala da haki da tashin zuciya, a yi ta ba ta maganin ulsa.

Na uku, hoton na iya tsare wa mutum dukiyarsa. Ɗaya hanyar ganin toshewa ita ce a zura siririn bututu ta jijiyar hannu ko cinya har zuciya, aiki mai tsada kuma mai nasa haɗarin. Wanda hoton nukiliyarsa ya fito lafiya, yiwuwar ya gamu da bugun zuciya ko ya mutu da shi cikin shekara ba ta kai ɗaya cikin ɗari ba. Irin wannan mutum sai ya koma gida da kwanciyar hankali, ba sai an sayar da gona an kai shi Masar ko Indiya ba. Shi bututun, hanyar ruwa yake nunawa. Hoton nukiliya kuwa fangalin yake nunawa, ko ya ƙone ko da sauran rai. Amfanin me ke cikin kashe miliyoyi a buɗe hanya zuwa fangalin da ya riga ya mutu?

Na huɗu, kyamarar ba ta zuciya kaɗai ba ce. Da ita ake duba ko ciwon dajin mama ko na mafitsara ya bazu cikin ƙashi, da ita ake auna aikin kowace ƙoda daban, da ita ake duba ciwon maƙoƙo. Na ƙarshe kuma, suna kawo maganar adalci: me ya sa abin da ya zama ruwan dare a wasu ƙasashe tun shekara arba'in zai gagari yankin da ke da jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero tun 2006, wadda ke yaye ɗaliban da za a iya horarwa su riƙe irin wannan na'ura?

Hujjar masu cewa a dakata

Waɗannan ba su musa ingancin hoton ba. Cewa suke a dubi abin da ke cika gadajen asibitinmu. A 2012 an fitar da sakamakon wani bincike kan mutum 1,006 da zuciyarsu ta gaza a ƙasashe tara na Afirka kudu da Sahara, wanda Farfesa Mahmoud Sani na Kano na cikin jagororinsa. Hawan jini ne sanadin kusan kashi 45 cikin ɗari, toshewar jijiya kuwa ba ta kai kashi 8 ba. Ga ciwon zuciyar masu jego, wanda likitocin Zariya suka bayyana wa duniya tun shekarun 1970, suka danganta shi da yawan kunun kanwa da zafin wankan jego. A Sakkwato an taɓa samunsa a kusan haihuwa ɗaya cikin ɗari. Ga yaran da ciwon maƙogwaro da ba a yi wa magani ba ya lalata wa ƙofofin zuciya. Duk waɗannan ba hoton nukiliya suke nema ba. Abin awon jini suke nema, da ƙwayar da ba ta yankewa, da na'urar eko, wadda ke duba zuciya da sauti kamar yadda ake yi wa mai ciki. Kuɗin kyamarar gama ɗaya zai sayi abin awon jini dubbai. A yankin da dattijo a ƙauyen Maiyama ba ya sanin yana da hawan jini sai ranar da ɓarin jikinsa ya shanye, ina ya kamata a fara?

Hujjarsu ta biyu ta fi kowace nauyi, ita ce ta sinadarin kansa. Teknishiyam ba ya ajiyuwa: duk awa shida rabin ƙarfinsa ke tafiya. Ana tatsarsa daga wani sinadarin mai suna molibdenam-99, shi ma rabinsa na tafiya duk awa 66. Kamar ka sayo ƙanƙara ne a azumin bazara, tana narkewa tun kana hanya. Tukwanen nukiliya 'yan kaɗan ne ke samar da shi ga duniya baki ɗaya, irin su SAFARI-1 na Afirka ta Kudu, da na Petten a Holan, da na Mol a Beljiyam. Da na Chalk River a Kanada ya tsaya a 2009, asibitocin Amurka da Turai kansu sai da suka riƙa ɗage wa marasa lafiya rana. Tukunyar bincike da ke Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, wadda ta fara aiki a 2004, ƙarfinta kimanin kilowat 30 ne, ta Afirka ta Kudu kuwa megawat 20. Ba a gina ta Zariya don wannan aiki ba. Ke nan kowane mako ko biyu sai an sayo da kuɗin waje, jirgi ya kawo, a fito da shi daga kwastan da izinin hukumar kula da nukiliya ta ƙasa, sannan a kama hanyar Arewa. Jinkirin kwana uku ya cinye fiye da rabin abin da aka biya.

Sai maganar wuta da ma'aikata. Na'urar na son lantarki marar yankewa da ɗaki mai sanyi. Tana son likitan da ya ƙware a fannin, da masanin kimiyyar haske, da mai harhaɗa sinadarin, da injiniyan gyara, a lokacin da ƙwararrunmu ke tururuwa zuwa Ingila da Saudiyya. Mu duka mun san asibitocin da aka yanke kyalle aka buɗe wa na'ura mai tsada, bayan shekara biyu ta zama wurin ajiye fayil saboda wani ɗan ƙarfe da ya lalace.

Sannan suna da hujja daga ilimin kansa. A 2020 aka wallafa babban binciken da ake kira ISCHEMIA, kan mutum 5,179 a ƙasashe 37, waɗanda awo ya nuna jini ba ya isar zuciyarsu sosai amma ciwonsu bai tashi ba. An yi wa rabi aikin buɗe jijiya haɗe da magani, rabi aka fara da magani kaɗai. Bayan shekara uku da ɗoriya, aikin bai rage mutuwa ba, sai dai ya fi sauƙaƙa ciwon ƙirji ga masu fama da shi. To in magani ne zai riƙe mafi yawansu, wato asfirin da maganin kitse da na hawan jini da barin taba, ai likita na iya fara shi a Birnin Kebbi ba tare da hoton ba. Ga wanda ke buƙatar ƙarin bayani kuwa, akwai eko na lokacin motsa jiki, akwai hoton CT na jijiyoyin zuciya, duk ba su jiran jirgi.

Hoton ma ba ma'asumi ba ne. Nono ko tumbi na iya yi wa zuciya inuwa, a ga ciwo inda babu. In jijiyoyin uku sun tsuke daidai wa daida, hoton na iya fitowa kamar lafiya, tun da babu sashen da ya fi wani haske. Tururin nukiliya da jiki ke sha a awo ɗaya ya kai kimanin abin da mutum ke sha daga ƙasa da sararin sama cikin shekara huɗu. Ba abin firgita ba ne ga dattijon da ke buƙatarsa, kuma kusan duk ƙarfin sinadarin na gushewa cikin kwana ɗaya, amma ba a yi wa mai ciki, ba a kuma maimaita shi don marmari. A ƙarshe, a ƙasar da fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin magani daga aljihun marar lafiya yake fita, kowane awo da aka rubuta, wani buhun gero ne ya bar rumbu.

Inda na tsaya

Na auna maganganun biyu, na ga kowanne na da inda ya yi rauni. Masu cewa a dakata, in ba su yi hattara ba, dakatawar tasu ba ta da ranar ƙarewa. Irin maganar aka yi a kan na'urar wankin ƙoda da hoton CT, yau kuwa babu mai cewa a mayar da su. Ƙarancin alkaluman toshewar jijiya ma, wani ɓangarensa ƙarancin awo ne: abin da ba ka da idon ganinsa, ba ya shiga littafinka. Binciken 2020 kuma bai haɗa da wanda bugun zuciya ya kama kwanan nan ba, ko wanda zuciyarsa ta yi rauni ƙwarai, ko wanda uwar jijiyar hagu ta toshe masa. Akwai mutanen da hoton zai sauya wa hanya, kuma 'yan'uwanmu ne.

Masu cewa a kawo kuwa, rauninsu shi ne sun ƙura wa na'ura ido sun manta da abin da ke gabanta da bayanta. Hoto ba magani ba ne. Darajarsa na ga abin da za a yi bayan an gani. In an nuna wa mutum sashen zuciyarsa da ke ƙishi, alhali babu inda za a buɗe masa jijiya, babu kuɗin ƙwayar wata-wata, to an sayar masa da fargaba ne kawai.

Saboda haka ni a ganina tsani za a kafa, a hau shi daga ƙasa. A Jega da Aliero da Maiyama, kowane ɗakin shan magani ya mallaki abin awon jini da na suga masu aiki, kowane babban asibiti ya mallaki ECG. Kwalejin kimiyyar lafiya da ke nan Jega ta yaye ma'aikatan da za su ji "nauyin ƙirji in na yi sauri" su san ba maganar ulsa ba ce, su ɗauki hoton takardar awon da waya su tura wa likitan zuciya nan take. A Birnin Kebbi a samu eko, da na'urar gudu, da gwajin jinin da ke nuna naman zuciya ya ji rauni, da allurar narkar da gudan jini, wadda amfaninta ke cikin awannin farko. Sannan a saman tsanin a kafa cibiyar nukiliya ɗaya tak a Sakkwato, inda ake da asibitin koyarwa da sashen gashin ciwon daji, ta ɗauki Kebbi da Sakkwato da Zamfara, ta raba kowane kaso na sinadari tsakanin masu zuciya da masu daji da masu ƙoda, a tara marasa lafiya a makon da kaya ke isowa. Ba a fafe gora ranar tafiya: a horar da ma'aikata, a ƙulla yarjejeniyar gyara, a kafa wutar sola, a sa awon cikin inshorar lafiya, kafin a sauke akwatin na'ura daga mota.

Shi kuma Alhajinmu na Sabon Gari, shawarata gare shi ita ce kada ya jira hoto kafin ya fara magani. Alamominsa sun riga sun yi magana. Ya riƙe ƙwayoyinsa, ya rabu da taba in yana sha, ya sa ido a kan jininsa da sugansa. Sannan ya tambayi likitansa abu uku: "Likita, in hoton ya nuna matsala, me za mu yi wanda ba ma yi yanzu? In ya fito lafiya, me za mu bari? Akwai awon da ya fi kusa da zai ba mu wannan amsar?" In amsar ta nuna hoton ne zai raba gardama tsakanin aiki da magani, to ya shirya guzuri ya kama hanya, kuɗin bai tafi a banza ba. In kuwa ko an yi ko ba a yi maganin ɗaya ne, ya bar kuɗinsa ya sayi ƙwayar shekara.

Abu ɗaya ne babu muhawara a kansa. Ranar da nauyin ya zo masa yana zaune, ya wuce kwata na awa bai sake shi ba, ga gumi na karyo masa, wannan ba ranar hoton nukiliya ba ce, ba kuma ranar kemis ba ce. A sa shi a mota a nufi asibiti mafi kusa. Abin da zai cece shi a wannan dare shi ne ya tarar da ECG mai aiki da ma'aikacin da ya iya karanta ta. Shi ya sa nake roƙon masu riƙe da kasafin lafiyar Kebbi su fara daga can, sannan kada su tsaya a can.